Yadda muka bi fanshon Baba, kafinta kuma tsohon soja, har ya dawo

Duk wanda yake da tsohon soja a gida, musamman cikin dattawan da lambarsu ta fara da 63NA, wato waɗanda suka yi Yaƙin Basasa, ina roƙonsa ya daure ya karanta wannan. Fanshon mahaifina ya tsaya, muka yi wata da watanni muna bin sa, kuma mafi yawan wahalar da muka sha ta rashin sanin inda za a fara ce. Da wani ya zaunar da ni tun farko ya jera mini matakan, da an rage wa tsoho zirga-zirga, mu ma an rage mana kashe kuɗi. Shi ya sa zan faɗi abin da ya faru daki-daki, yadda ya faru.

Dole in fara da ko wane ne Baba, domin tushen matsalar yana can baya, ranar da aka ɗauke shi soja. Mu mutanen Bakori ne a jihar Katsina, amma a wancan zamani garin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. Yaƙi ya ɓarke a watan Yulin 1967, kafin shekarar ta ƙare Baba ya bi sa'o'insa zuwa Zariya, yana saurayi bai yi aure ba. Horon da aka ba su gajere ne saboda ana neman mutane a bakin daga. Sojan Najeriya da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa, to ka ƙiyasta akawun da yake rubuta sunayen samari sahu-sahu tun safe har yamma. Ba shi da lokacin tambayar sunan uba da na kaka. Ya ji sunanka, ya tambayi garinku, ya haɗa su, ya dubi fuskarka ya yanka maka shekaru, shi ke nan. Baba ya faɗa Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa. Ya zauna Enugu, ya je Okigwe, kuma a turmutsutsun da aka yi kafin kama Umuahia a watan Afrilun 1969 ɓarɓashin nakiya ya shige shi a cinya. Har yau idan sanyin hunturu ya kama sai ya riƙa jan ƙafar. An gama yaƙi ranar 15 ga Janairun 1970, shi kuma ya ci gaba da aiki har 1983, aka sallame shi yana kofur.

A soja ya koyi kafinta. Bayan yaƙi sojoji sun yi yawa, barikoki ba su isa ba, aka riƙa kafa ɗakunan katako da kwano na wucin gadi, shi kuma aka haɗa shi da masu wannan aiki. Kafin sallama ya je cibiyar koyar da sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas, ya dawo gida da zarto da guduma da cizal da sukwaya a cikin akwatin ƙarfe. Tun daga nan mutanen gari suka daina kiransa Kofur sai tsofaffi, kowa Kafinta yake cewa. Ya yi rufin gidaje da masallatai da ban san iyakarsu ba, ya yi ƙofofi da tagogi, gadajen amare, kabad, bencin 'yan makaranta, teburin mai shayi, har makarar masallacin unguwarmu shi ya haɗa ta bai karɓi ko kwabo ba. Katako kuwa wurin 'yan kasuwar Ibo yake saye a Funtuwa da Sabon Garin Zariya, yana ciniki da su da ɗan yarensu da ya tsinta a bakin daga, kuma ban taɓa jin ya aibata su ba. Sai dai sana'ar ta ja baya. Masu walda sun karɓe ƙofa da taga, kayan ɗaki na kanti sun karɓe gadon amarya, maɗaci ya yi wuyar samu, katakon rufi na tu-bai-fo ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara kafin a saya. Ga ƙarfi ya tafi, ba ya iya hawa rufi. Saboda haka fanshon nan, duk ƙanƙantarsa, shi ne hatsin gidan da maganin hawan jininsa.

Abin ya faro ne lokacin da aka yi zagayen tantance 'yan fansho Baba yana kwance a asibiti bayan an yi masa aiki, bai samu halarta ba. Wata ya ƙare ba mu ji alat ba, muka ce jinkiri ne. Wani watan ya sake ƙarewa, abokansa suka ce su an biya su. Nan hankalinsa ya tashi, ko da yake bai nuna ba, sai dai na lura ya koma zama a shago tun safe yana gyara kujerun da masu su ma sun manta da su. Wurin farko da na nufa banki ne. Na bi layi na kai gaban ma'aikaciya, ta ce ba za ta gaya mini komai a kan asusun da ba nawa ba sai mai shi ya zo, kuma gaskiyarta. Na koma na ɗauko Baba a bayan babur. Aka duba aka ce asusun lafiyarsa lau, ba a rufe shi ba, kuɗi ne dai ba su shigo ba, kuma wannan ba daga banki ba ne. Abu ɗaya mai amfani da muka fito da shi ranar shi ne takardar bayanin asusu ta watanni shida, mai hatimi da sa hannu. An cire kuɗin bugawa daga asusun, ba su da yawa. Ka karɓi wannan takarda tun a zuwan farko, domin ita ce shaidar watan da aka biya na ƙarshe, kuma duk inda muka je daga baya sai da aka neme ta.

Labari bai daɗe ba ya bazu, sai ga wani mutum ya sallama mana da daddare. Ya ce ya san manya a Abuja, a ba shi littafin sallamar Baba na asali da N50,000, cikin sati biyu kuɗi za su dawo har da bashin baya. Ya iya magana, har ya ambaci sunayen ofisoshi da muƙamai. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, littafin nan ko uwar 'ya'yana ba ta taɓa kwana da shi ba. Allah ya ba ka haƙuri." Da gari ya waye ya ce in kai shi wurin shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na yankinmu. Can ya kamata kowa ya fara. Dattijo ne tsohon samanja, ofishinsa ɗaki ɗaya ne da benci biyu da kabad cike da fayil, amma ya san kan aikin ciki da waje. Suka gaisa irin gaisuwar mazan jiya, kowa ya faɗi bataliyarsa, suka ɗan taɓa hirar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kafin ku kashe ko sisi a mota, je ka kwaso mini duk wata takarda mai sunan mahaifinka." Bai karɓi komai ba sai kuɗin ƙungiya da ake bin Baba, ya kuma ba da rasit.

Na kwaso su: littafin sallama, katin ɗan fansho, takardar NIN, bayanin BVN da aka buga mana a banki, katin zaɓe, da wata tsohuwar takardar asibitin soja. Samanja ya shimfiɗa su a kan tebur ya sa tabarau, yana bi da yatsa. Nan take ya nuna mana abin da mu da muke tare da takardun shekara da shekaru ba mu lura da shi ba. A littafin sallama sunan Baba ne da sunan garinmu a matsayin suna na biyu, kamar yadda akawun 1967 ya rubuta. A NIN da BVN kuwa sunansa ne da na mahaifinsa. Sunan farkon ma rubutunsa ya bambanta, irin bambancin da ke tsakanin Mamman da Muhammadu, wanda a wurinmu duk abu ɗaya ne amma a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Shekarar haihuwa a littafi 1947, a NIN kuma 1 ga Janairun 1950, ranar da masu rajista kan ba duk tsohon da bai san ranarsa ba. Samanja ya ce a da, ana biya da hannu ko ana tantancewa ido da ido, ba wanda ya damu da wannan, hafsa zai dubi hoto ya dubi mutum ya wuce. Yanzu kuwa na'ura ce take gwada takarda da takarda, kuma tun da aka shigo da BVN a 2014 ake ta samun irin wannan. Ya ce ko da mun je Abuja a ranar, dawo da mu za a yi mu gyara.

Tambayar da ta rage ita ce wacce za a gyara ta bi wacce. Amsar da ya ba mu ita ce jigon duk wannan rubutu: littafin sallama ba ya motsi, sauran takardu ne za su bi shi. Littafin nan shi ne daidai da abin da ke cikin fayil ɗin soja, kuma da wannan suna da wannan lamba aka buɗe fanshon. Kafinta ba ya sassaƙe bango don ƙofa ta shiga, ƙofar yake ragewa, Baba da kansa ya faɗi haka da ya gane maganar. Amma fahimta daban, daɗin rai daban. A hanyar komawa gida ya yi shiru, can ya ce mini, "Yanzu sunan mahaifina za a cire a sa na gari?" Na ji nauyin maganar ƙwarai. Da muka koma muka tambaya, aka ce ba sai an cire ba, ana iya jera sunan yadda yake a littafi, sunan mahaifi ya zauna a tsakiya, muddin takardar rantsuwa ta bayyana cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne. Wannan ya kwantar masa da rai.

Muka fara daga gida. Mai unguwa ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya haɗa mu da fadar hakimi, aka rubuta takardar shaida cewa an san Baba da sunayen nan duka kuma mutum ɗaya ne. Wannan bai ɗauki lokaci ba, don babu wanda bai zauna a kan bencin da ya haɗa ba. Da ita muka je sakatariyar ƙaramar hukuma aka ba shi takardar shaidar zama ɗan asalin yankin, da sunan a jere yadda muke so ya zauna. A nan ka kula, kafin a buga ka rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa wa mai bugawa, bayan ya buga kuma ka karanta harafi-harafi kafin a kai wa mai sa hannu. Harafi ɗaya ya kauce, ka ƙara wa kanka suna na huɗu. Daga nan sai babbar kotun jiha da ke Funtuwa domin takardun rantsuwa guda biyu, ɗaya ta daidaita suna, ɗaya ta shekarun haihuwa. Ta suna Baba ne ya rantse da kansa. Ta shekaru kuwa an fi son wanda ya girme shi ya yi, sai muka ɗauko wani yayansa ɗan baffansa wanda ya haura tamanin, muka kawo shi a mota. A bakin kotu akwai masu buga takarda da masu ɗaukar hoton fasfo. Tsakanin bugawa da hoto da kuɗin hatimi mun kashe abin da bai kai N6,000 ba a lokacin. Ka biya a inda ake ba da rasit, ka kuma tabbata kwamishinan rantsuwa ya sa hannu da hatimi a gabanka.

Sanarwar jarida ita ce ta biyo baya. Wakilan jaridu suna nan kusa da kotu, muka ba ɗaya kwafin takardar rantsuwa da kimanin N6,000, bayan 'yan kwanaki sanarwar ta fito. Na sayi jaridar guda uku, kuma kada ka yanke ɗan akwatin sanarwar kaɗai, a bar shafin sukutum yadda sunan jarida da kwanan wata za su fito. Sai gyaran NIN. Gyaran suna ba shi da tsada, amma na ranar haihuwa ya ninka shi sau da yawa, kuma ga wanda aka haifa kafin 1992 sai an kawo takardar shaidar haihuwa ta manya daga hukumar ƙidaya ta ƙasa. Yanzu ta intanet ake cike waɗannan, saboda haka muka zauna da wani yaro mai shagon kwamfuta, Baba yana gefe don akwai inda ake ɗaukar fuskarsa. Ana buƙatar layin wayar da aka yi rajistar NIN da shi, domin can ake turo lambobin sirri. Namu yana hannun ƙanwata da ke aure a Kaduna, sai da aka riƙa kiranta tana karanto mana. Idan layin tsohonku ya ɓace, ku fara dawo da shi kafin komai. Gyaran bai fito nan take ba, mun yi makonni muna dubawa, kuma a wannan zaman jira babu abin da za ka iya yi, don banki ba zai taɓa BVN ba sai sabuwar takardar NIN ta fito.

Da ta fito muka koma banki da ita, da takardun rantsuwa, da shafin jarida, aka ba mu fom na gyaran BVN. A nan muka gamu da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Aka ce Baba ya ɗora yatsa a na'ura, na'ura ta ƙi karantawa. Aka gwada wannan aka gwada wancan, shiru. Shekara arba'in na samfefa da gam da fenti da riƙon guduma sun shafe zanen yatsunsa, ga ɗan alinsa na hagu zarto ya taɓa cin kansa. Na ga fuskarsa ta canza, ya dubi tafin hannunsa ya ce, "To ni kuma da me zan nuna ni ne?" Wata ma'aikaciya mai kirki ta ce kada Baba ya damu, suna ganin haka wurin manoma da magina da masu wanki. Ta ce ya huta da aiki na 'yan kwanaki, ya riƙa shafa man kaɗe da daddare, ranar da zai dawo kuma kada ya wanke hannu da omo. Hana Baba taɓa katako ya fi komai wuya a duk tafiyar nan, sai da Inna ta ɓoye makullin shago. Da muka koma, babban yatsansa na dama da na tsakiya suka kama. Duk mai tsoho mai aikin hannu ya fara wannan shiri tun kafin ranar, domin za a sake neman yatsun a gaba.

Sai da suna da shekara suka zama iri ɗaya a littafi da NIN da BVN sannan Samanja ya ce yanzu mu yi shirin tafiya. Ya taya mu rubuta takardar koke zuwa ga shugaban Hukumar Fanshon Sojoji, gajera, shafi ɗaya: lamba, muƙami, suna, ranar shiga da ranar sallama, banki da lambar asusu, watan da aka biya na ƙarshe, da dalilin rashin halartar tantancewa. Muka haɗa da takardar asibitin da ta nuna yana kwance a lokacin, shi kuma ya ƙara da wasiƙar ƙungiya. Kowace takarda na yi mata kwafi uku, na asali suna cikin leda a jakar da ba ta barin kafaɗata. Muka hau mota daga Funtuwa zuwa Kaduna muka kwana gidan ƙanwata, da safe muka shiga jirgin ƙasa a Rigasa. Tikitin ta intanet ake saye kuma shi ma da NIN, saboda haka a saya tun da wuri. Hedikwatar hukumar tana Dutse Alhaji ne a Abuja, a kan hanyar Bwari, don haka a tashar Kubwa ake sauka, ba sai an kai tashar ƙarshe ta Idu ba, daga nan tafiyar ba nisa. Ga tsoho mai ciwon ƙafa jirgin ya fi mota sauƙi nesa ba kusa ba, yana iya miƙe ƙafa ya kuma zaga bayi.

Mun isa ƙofa da hantsi, aka rubuta sunayenmu, aka duba jaka, aka nuna mana inda masu koke suke zama. Abin da na gani a rumfar nan ba zai fita raina ba. Dattawa ne daga kowane sashe na ƙasar nan, Tibi da Idoma da Angas da Bachama da Yarbawa da Barebari, wani da sanda, wani a keken guragu, wani jikansa yana riƙe da hannunsa saboda ido ya tafi. Ga zawarawa da 'ya'yan mamata rungume da fayil. Yawancin tsofaffin da Hausar bariki suke magana da juna. Baba da ya yi kwana biyu ba ya son magana sai ga shi ya saki jiki, ya samu wani mutumin Binuwai da suka zauna Okigwe a lokaci ɗaya, suna ta lissafa sunayen tuddai da rafuka. A ranar na ji abubuwan da bai taɓa faɗa mana a gida ba, har da yadda aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa ranar da ya ji rauni. Na zauna ina sauraro, raina yana ƙuna da tunanin cewa mutanen da suka ba ƙasa ƙuruciyarsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta labarinsu ba. Jama'a suna da yawa, jira ya yi tsawo, saboda haka a zo da ruwa da abinci da maganin tsoho da darduma. Layi bai kai gare mu ba a ranar, muka kwana wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kayan miya a Kubwa, muka yi sammako washegari.

Da aka kira mu, wani matashin hafsa ne da saje a gefensa. Hafsan ya miƙe ya gaida Baba da girmamawa, ya ja masa kujera. Ya karɓi takardun ya ce mini, cikin ladabi, in koma gefe in bar Baba ya amsa da bakinsa. Ya tambayi lamba. Baba, wanda wani lokaci sai ya kira sunan jikoki uku kafin ya dace da wanda yake nufi, ya gyara zama ya zubo lambar nan tiryan-tiryan da Turancin soja, da muƙami da suna, ko numfashi bai ja ba. Aka tambaye shi inda ya yi horo, bataliyarsa, wurin da ya yi aiki na ƙarshe, shekarar sallama. Aka gwada da abin da ke cikin kwamfuta, aka buɗe littafin sallama aka dubi hoton saurayin da ke ciki aka dubi tsohon da ke zaune. Aka ɗauki sabon hoto da zanen yatsu, man kaɗe ya sake yin rana. Suka karɓi kwafi suka mayar mana da na asali, aka buga hatimin karɓa a kan kwafin takardar kokenmu. Kada ka fita ba tare da wannan hatimi ba, shi ne shaidarka idan ka dawo bibiya. Ba a nemi ko naira ɗaya a hannunmu ba. Saje ya ce sai an bi matakan amincewa kafin sunan ya koma jerin biya, kuma bashin baya yakan zo daban.

Haka kuwa aka yi. Watan farko bayan dawowarmu shiru, Baba bai ce komai ba amma duk ƙarar da waya ta yi sai ya dube ni. Samanja ya ce mu yi haƙuri, jerin biyan wata ana rufe shi tun kafin wata ya ƙare. A wata na biyu alat ya shigo ana gab da sallar la'asar. Baba ya sa na karanta masa adadin sau biyu, ya yi hamdala, ya ce a auno masara a kuma biya mai kemis bashinsa. Kuɗin watannin da aka tsallake sun zo daga baya a dunƙule, na zauna da takardar banki na lissafa wata-wata, suka cika daidai. Idan na haɗa duk abin da muka kashe, takardu da gyare-gyare da mota da jirgi da abinci, ya haura N100,000, kuma kusan rabinsa na tafiya ne. Da mun ruga Abuja tun farko da takardu masu saɓani, da kuɗin tafiyar nan sau biyu za mu biya.

Abin da zan ce wa 'ya'ya da jikokin tsofaffin sojoji shi ne kada ku jira kuɗi su tsaya. Yau ɗin nan ku ɗauko littafin sallama ku ajiye kusa da NIN da BVN ku gwada suna da shekara. Ku yi wa littafin kwafi, ku ɗauki hoton kowane shafi a waya, na asalin kuma a sa a leda a akwatin ƙarfe, don gara da ɗigon damina sun cinye na mutane da yawa. Wanda nasa ya ɓace ko ya lalace, Samanja ya ce ana farawa ne da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa, sannan a nemi tabbaci daga ofishin adana bayanan soja da ke Lakwaja, kuma a nan lambar soja ce take ceton mutum, saboda haka ku rubuta ta tun tsoho yana iya faɗa. Ku riƙa leƙa ofishin ƙungiyarsu, can ake fara jin ranar tantancewa. Idan tsoho yana kwance ba ya iya tafiya, a sanar da su da takardar likita tun kafin ranar ta wuce. Ku tambayi rajistar kula da lafiya ta DHML da ake yi wa tsofaffin sojoji, mu sai a rumfar jira muka ji labarinta daga bakin wani dattijo, kuma yanzu Baba ya shiga.

Sai maganar magaji, wadda mutanenmu ba sa son tayarwa saboda kunya. A fayil ɗin Baba sunan mahaifinsa ne a matsayin magaji, mutumin da ya rasu tun ina goye. Baba ne da kansa ya ce a gyara tun yana raye, aka cike fom aka sa Inna da ni, da hotunanmu da lambobin waya. Muhimmancin wannan ya fito mana fili a kan maƙwabciyarmu, wadda mijinta abokin Baba ne tun Zariya. Ya rasu ana bin sa tantancewa, akwai watannin da ba a biya shi ba, kuma wanda ya rubuta a matsayin magaji wansa ne da ya riga shi rasuwa. Yanzu ita muke taya bi. An ce ta kawo takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, da shaidar aure, da yardar sauran magada a rubuce, da littafin sallama na asali. Littafin yana nan, Baba ya sa an nemo shi a ƙasan akwatinta tun ranar sadakar uku. Takardar kotun muke jira, an ce sai an kafa sanarwa an ga ko akwai mai ja kafin a ba da ita.